Kar Ki Taɓa Koren Get Ɗin Nan

Jimeta,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga autata Dijatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Legas lafiya, ƙafafunki ba su kumbura da zaman mota ba, kayanki kuma babu wanda ya ɓata a tasha. Allah ya tsare ki a hanya da bayan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a sabon wurin aikinki, ya raba ki da masu daɗin baki. Zan cusa takardar a ƙarƙashin ledar yaji, don na san nan za ki fara kai hannu. Ki yi haƙuri da girman rubutun, idon ne.

Yanzu haka kina ɗaki kina ninke kaya, ina jiyo waƙarki. Taku goma ne tsakaninmu, amma rubutu nake miki, domin idan na buɗe baki ihu zan yi, ke kuma kin gado ni, za ki rama, babanki ya ɗauki buta ya tafi masallaci tun lokaci bai yi ba. Na zauna na tashi ya fi sau biyar kafin in kawo wannan layin.

Jiya kin biyo ni har kicin da kwamfutarki, kika ce, "Dada, rufe ido, na yi miki kyautar bankwana." Na buɗe na ga layi biyu sirara a tsaye, ɗaya a kwance a kansu, baƙaƙe a kan fari. Kika ce sabon tambarin shafinmu na Ina Namu ke nan, wai hoton koren get ɗin ya tsufa, ya yi ƙauyanci. Kika ƙara da cewa, "Dada, shi kansa dandalin sada zumuntar da shafin yake kai, sau nawa ya sake tambari? Duniya ta wuce nan." Murfin tukunya na buga. Kin ɗauka zafin girki ne. Ba shi ba ne.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Tun da idona ya fara hazo na damƙa miki kalmar sirrin shafin. Daga Legas, da yatsa ɗaya, kina cin abinci ma, za ki iya cire koren get ki ɗora layukanki uku, kuma ba ni da yadda zan yi. Hana ki ya fi ƙarfina. Abin da ya rage mini shi ne in gaya miki abin da na ɓoye miki, wato wautar da uwarki ta tafka, ita da take taƙama da karatu.

Tarihin tambarin dandalin nan da kike karanto mini, a gabana aka yi shi. Lokacin da na fara shiga, a wani shagon intanet na bakin kasuwa, sunansa ne a rubuce cikakke, fararen haruffa a kan shuɗi. Da wayoyi suka yawaita sai aka datse sunan, aka bar harafi ɗaya cikin ɗan akwati mai ƙyalli kamar alewa. Can aka goge ƙyallin. Can kuma akwatin ya koma da'ira, shuɗin ma aka sake masa ruwa. Kowane sauyi sai an rage wani abu, kamar wanzamin da ba ya jin "ya isa haka".

A ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan, tun kafin a fara gudun hijira, Goggo Nenne yayar babanki ta shigo keke tun daga Yolde Pate, da wayar da ɗanta ya aiko mata a ƙulle a bakin zane. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "An sace mini abin nan da nake ganin jikokina a ciki. Jiya yana nan yana ƙyalli, yau wani baƙo ne a wurinsa. Ban taɓa shi ba, kar in faɗa hannun 'yan damfara."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Goggo, ai shi ne, riga kawai ya sake."

Ta dube ni, sannan ta ce, "Ke in kika sake riga, fuskarki tana nan. Shi ina fuskarsa?"

Na kwashe labarin na kai ofishin malamai muka sake yin dariya. Kuskurena na farko ke nan: an kawo mini darasi har gida a cikin keke, na mai da shi abin nishaɗi. Dijatu, masu riƙe da waya iri biyu ne, akwai mai karanta suna, akwai mai gane kama. Ke da abokan aikinki duk masu karanta suna ne, shi ya sa za ku riƙa mantawa da ɗaya ɓangaren. Duk ranar da wata tsohuwa ta ce miki ba ta gane abin da kika zana ba, ki haɗiye dariyarki ki jawo mata kujera.

Kina aji huɗu a firamare shekarar da mutanen Madagali da Michika da Mubi suka kwararo Yola, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa. Abin da za ki tuna shi ne an ƙwace miki ɗaki an ba wa mata bakwai, kika yi kwana uku kina kumbura baki. Abin da ni nake tunawa shi ne duk wanda ya shigo, kafin ya nemi ruwa sai ya tambaya, "Ko kun ga wane? Dogo ne, yana da tabo a nan." Ni malamar makaranta ce mai waya mai kyamara, ba ni da wata dabara da ta wuce in buɗe shafi in riƙa ɗora hotuna da sunaye. Na sa masa Ina Namu. Dandalin ya ce sai na sa hoton shafi. Ban tsaya tunani ba, na fita waje na ɗauki get ɗin gidanmu yadda yake: kore, da reshen dogon yaro a kansa, da randar ruwan sha da muke ajiye wa masu wucewa, da lotsewar da babanki ya yi masa da bayan mota, wadda har yau yake cewa get ɗin ne ya matso.

Ban san na yi tambari ba. Mutane ne suka mai da shi. Magana ta bi baki, ta hau duwatsu, ta tsallaka Kamaru: in ka sami mai waya, ka ce ya nemo maka shafi mai koren get, in kuma ka iso Jimeta, ka nemi gida mai koren get da randa a gaba. Sunan shafin ba kowa ya riƙe ba. Wasu na cewa shafin Malama, wasu na cewa na matar nan mai faɗa. Amma koren get kowa ya riƙe. A bakin get ɗin nan na ga dattijo mai furfura ya zube ƙasa yana kuka saboda ya ga matarsa, ita kuma tana dukansa da mayafi tana cewa, "Ina ka shiga? Ina ka shiga?"

Bari in je in rage wutar miyar nan. Na dawo.

Kuskure na biyu ƙarami ne, shi ya sa ya fi haɗari. Wata abokiyar aikina ta ce, "Malama, shafinki ya yi suna, amma hoton nan kamar tallar mai walda." Maganar ta kwana uku tana cina. Na je wurin masu zane a kwamfuta aka zana mini get miƙaƙƙe, babu lotsewa, babu randa, babu reshe. Koren dai yana nan. Ba wanda ya yi ƙorafi, don haka na ɗauka abin nawa ne, in juya shi yadda na ga dama. Ki kula da irin wannan kunyar, Dijatu. Na ji kunyar lotsewar ƙarfe a gaban matar da ko tabarma ɗaya ba ta taɓa shimfiɗa wa ɗan gudun hijira ba. Kafin maganar mutum ta hana ki barci, ki fara duba me ya taɓa ɗauka a kansa.

Yanzu ga babban.

Ba za ki manta Mama Kwanye ba, mai kawo miki dafaffiyar gyaɗa a ƙullin leda. Daga wajen Michika take. Ranar da suka gudu ta rabu da 'ya'yanta biyu, Zira wanda ya fara zama saurayi, da ƙanwarsa Rahila. Ta sami aron gona a Vinikilang ta zauna, amma duk ranar Litinin sai ta tsallako gadar Binuwai ta zo ta zauna a kan bencin zaure ta ce, "Malama, duba mini." In duba, in ce babu labari, ta ce to Allah yana nan, ta sha ruwa ta koma.

Ana nan sai masu ba da tallafi suka gano mu. Aka gayyace ni taron bita a wani otal mai sanyin na'ura, aka sa mini suna a ƙirji. Akwai wani ƙwararre da aka ɗauko daga Abuja, da siririyar kwamfuta irin taki. Ya haska hoton get ɗinmu a bango ya ce, "Hajiya, get alama ce ta rufewa. Mu alamar buɗewa muke so, ta fata nagari. Kuma kore launin 'yan siyasa ne da masu sayar da taki." Sai ya haska nasa: hannu biyu shuɗɗa sun tallabo zuciya.

Na yi masa gardama, kin san ni. Minti biyu. Sai ya yi murmushi ya ce tun da yake yawon aiki bai taɓa haɗuwa da mace mai kaifin kai da iya Turanci irina ba. Nan take na narke kamar man shanu a ranar Yola. Ni da na karanta littattafai cike da labarin sarakunan da fadawa suka hallaka da kirari, ni ce wani yaro mai turare ya saye da jimla ɗaya. Na yarda aka sake tambarin. Kuma ki ji abin da ba wanda ya sa ni: da na ji baƙi za su zo ɗaukar hoto, na kira mai fenti ya shafe get ɗin gidan da shuɗi don ya dace da na waya. Randar ma na sa aka matsar da ita can gefe, wai tana ɓata tsari.

Litinin ta zagayo, Mama Kwanye ta tsaya a waje ta ƙi shigowa. Na fito na same ta tana kallon get.

Ta ce, da Hausarta ta mutanen dutse, "Malama, wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu, Mama. Fenti ne."

"Na cikin waya ma ka canja?"

Na ce eh, an sabunta.

Ta ajiye ƙullin gyaɗarta a ƙasa. "Na aika wa Zira da bakin mutane, kore, kore. Duk mai tafiya Kamaru na gaya masa, kore. Yarona bai yi makaranta ba, Malama. In ya zo ya ga wannan, zai ce ba nan ba ne."

Na ce, da muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya magana, "Sunan shafin yana nan, gidan bai tashi ba. Mai nema ai zai tambaya."

Ta ce, "Mai nema yana jin tsoro."

Na ce ta shiga ta sha ruwa, ina da baƙi a hanya. Wallahi haka na ce.

Damina biyu get ɗin ya yi da shuɗi. A ta biyun zazzaɓi ya kama Mama Kwanye, kwana kaɗan ta rasu, aka binne ta a Vinikilang. Na je gaisuwa, na yi kuka, na dawo ban ga laifina ba. Bayan wata biyar, kina makarantar kwana lokacin, wata rana da azahar aka yi sallama. Wani dattijon cocinsu ne da wani saurayi ramamme a bayansa. Dattijon ya ce, "Malama, ga Zira."

Bai gaishe ni ba. Ya tsaya yana kallon get. Ya sunkuya ya tsinci ƙusa a ƙasa, ya kankare fentin kusa da inda ya lotsa, a hankali, har kore ya leƙo.

Ya ce, "Ashe nan ne."

Sai ya juyo wajena.

Ya ce, "Bara na zo, Malama. Na bi layin nan sau biyu. Har na sha ruwa a randar can."

Saƙon uwarsa ya same shi a Kamaru. Ya shigo Jimeta, ya roƙi wani mai gyaran waya a kasuwa ya nemo masa shafi mai koren get. Suka yi ta dubawa, suka ga hannu biyu shuɗɗa, Zira ya ce a'a, waɗannan masu raba bokiti ne su ɗauki hoto, ba su ba ne. Ya fito ya bi unguwa yana duban ƙofofi. Za ki ce me ya hana shi tambaya. Ni ma na tambaye shi, don bakina ba ya mutuwa. Ya dube ni kamar yadda Goggo Nenne ta dube ni. A wancan lokacin, saurayi daga wancan gefen, babu katin shaida, yana yawo yana tambayar gidajen mutane, kin san inda ake kai shi, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ya kwana biyu a tasha, ya bi wata mota zuwa Taraba aikin gona. Uwarsa tana tsallaken gada, da rai, tana jiran Litinin.

A makon na sa aka mayar da kore, aka dawo da randa wurinta. Na tono tsohon hoton nan na farko, mai lotsewa da reshe, na ɗora. Masu tallafi suka rubuto wai na saɓa tsari. Na ba su amsa da Turancin nan da ƙwararrensu ya yaba, ba su sake rubutowa ba. Amma fenti ba ya tono kabari.

Nasihar da ke cikin wannan ba ta da daɗi. Za a yabe ki a Legas, don kin iya, kuma kina da kyau, kuma za su so su ce suna da 'yar Arewa. Duk ranar da aka yabe ki a tsakiyar gardama, ki sani an ga ba za a iya kayar da hujjarki ba ne, shi ya sa aka zagayo ta wajen kanki. Ki ce na gode, ki koma kan maganar. Kuma in mai abu ya gaya miki abin da zai faru, ko da Hausarsa a karye take, ko da ƙafarsa duk taɓon gona ne, ki ajiye baƙi ki saurare shi. Mama Kwanye ta gaya mini komai, filla-filla, a tsaye a bakin ƙofata. Ba rashin sani ya kashe ni ba.

An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gumi yana ɗiga a kan takardar. Ke kuma kin leƙo kin ce, "Dada, me kike rubutawa haka kamar mai jarrabawa?" na ce lissafin darasi ne. Ƙarya ce, kuma ita ce ta kawo ni kuskure na ƙarshe.

Da kika dawo hutu kika ga get ya koma kore, kika tambaye ni, na ce shuɗin ne ya koɗe. Shekara da shekaru na bar ki a haka. Na bar ki kina ganin Zira yana zuwa, kina kiransa Hamma Zira kamar yayanki, kina ba shi ruwa, ba ki san abin da ke tsakanina da shi ba. Na fi son ki ɗauke ni uwar da ta haɗa mutane da 'yan uwansu, ba wadda ta raba ɗa da uwarsa saboda a ce ta waye ba. Don haka layukanki uku ba laifinki ba ne. Wanda aka ɓoye wa rami ba a zaginsa in ya nufi wurin. In kin yi kuskure a wurin aiki, ki faɗa da bakinki tun yana ɗanye, musamman ga na ƙasa da ke, don su ne za su maimaita shi.

Kuma bari in yi adalci, ko da yake yana mini ciwo: zanenki yana da kyau. Ya fi hannuwan mutumin Abuja sau goma. Na gane get ne kika rage har ya koma ƙashi, na gane wayon. Amma ni na gane, mai digiri. Ki kai wa mai tallar nono a kasuwar Girei ki ce mene ne wannan, za ta ce miki ragar ƙwallo ce ko rataya ta shanya. Babban dandali yana iya sake kama duk lokacin da ya so, yana cikin aljihun kowa, in an ɓata yau jika zai nuna gobe. Mu ba haka muke ba. Wanda yake nemanmu sau ɗaya zai duba, a wayar aro, mai wayar yana tsaye a kansa yana cewa yi sauri.

Can wurin aikinki ki zana musu duk abin da suke so, ki rage, ki goge, ki mai da akwati da'ira, sana'arki ce kuma ina alfahari da ita. Abu ɗaya nake so ki riƙa tambaya a kowane taro, ko za su ce kin cika naci: wa zai ɓata in muka sake wannan? In suka ce ba kowa, ki ce a je a tambayo.

Rahila ba ta dawo ba, Dijatu. Ba mu san ko tana raye ba. In tana raye yanzu ta zama mace, wataƙila da goyo, a wani gari da ba mu san sunansa ba. Abu ɗaya muka sani: duk saƙon da uwarta ta aika, da duk wanda Zira ya aika bayanta, kalma ɗaya ce a ciki. Kore. Ba mu da hanyar aika mata gyara.

Zira ya gaji gonar uwarsa, ya gaji Litinin ɗinta. Yana tsallako gada ya zauna a kan bencin nan. A da ni nake duba masa, yanzu da idona ya yi rauni shi yake riƙe wayar. Har yau ba ya karatu. Yana buɗewa ya fara duba hoton sama, ya ce, "Get yana nan, Malama," sannan ya miƙo mini in matso da ita kusa da hanci in karanta masa saƙonni. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, ban taɓa samun ƙarfin halin roƙonsa ba. Wannan jimlar ita ce gaisuwarmu.

Za ki isa Legas ranar Asabar in Allah ya yarda. Lahadi za ki huta, ki buɗe kwamfutarki. Litinin Zira zai zo. Kalmar sirri tana hannunki, ba zan kira ki in tambaya ba, kuma kar ki kira ni ki yi mini bayani. Zan zauna a zaure in ji abin da zai ce.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙe salla, ni na ce ki riƙe salla ki kuma riƙa cin abinci. Goggo Nenne ta ce ki aiko mata hotonki a cikin abin nan. Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, ya tsare miki mutuncinki, ya sa albarka a hannunki da abin da yake zanawa. Allah ya mayar da duk wanda ya ɓata ga masu jiransa. Ke ma ya dawo mana da ke lafiya, kuma ko shekara nawa kika yi, ko da wane lokaci kika sauka a tasha, ba sai kin tambayi kowa ba. Gidan yana nan yadda kika san shi, da randa a gaba.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Dada